Sayen keken dako: a Lafia, ko a niƙi gari zuwa Kano?

Duk wanda ya noma doya a Ashige ya san aikin ba ya ƙarewa ranar haƙa. Doyar tana can gona, masu saye suna bakin titin Lafia zuwa Shendam, a tsakani kuwa sai hanyar burji da rafi da kwazazzabon da damina ta bari. Haka abin yake ga mai riɗi, da mai agushi, da mai shinkafar fadama. Shi ya sa keken dako mai ƙafa uku, mai bodi a baya, wanda Kanawa ke kira kurkura, ya zama abin da manomi ko matashi ke fara sa wa ido da zarar kuɗin kaka sun shigo hannu. Yana kutsawa inda a-kori-kura ke ja da baya, yana kwashe a sawu ɗaya abin da babur zai wuni yana jigila, in kaka ta wuce kuma ga dakon bulo da yashi da jarkokin ruwa da buhunan taki.

Ranar da ka furta cewa za ka saya, masu ba ka shawara za su rabu gida biyu. Wasu za su ce ka shiga Lafia ka sayi abinka ka dawo kafin magariba. Wasu kuma, galibi waɗanda suka taɓa fita fatauci, za su ce dilolin Lafia yankan wuƙa suke yi, ka tafi Kano ko Nnewi, ko ma Legas inda kaya ke sauka, ka ga araha da idonka. Dukkansu akwai gaskiya a bakinsu. Abin da ɓangare na biyu ke mantawa shi ne, farashin da ake faɗa maka a waya kuɗin keke ne a tsaye a ƙofar shago, ba kuɗin keken da ya iso Ashige, ya yi lamba, yana aiki, kuma akwai wanda za ka kama idan ya tsaya ba.

Dalilin arahar nesa ba ɓoyayye ba ne. Keken fasinja irin su Bajaj RE da TVS King daga Indiya asalinsu yake, na dako kuwa yawancinsu daga Chana, musamman birnin Chongqing da ya shahara da ƙera babura. Kaya su sauka a tashar jiragen ruwa ta Legas, manyan diloli su sara da yawa, daga nan su bazu zuwa Onitsha da Nnewi da Kano da Kaduna. Dilan Lafia a hannun waɗannan yake saye, ƙwaya biyar ko goma, ya biya motar da za ta kawo, ya biya hayar shago da yaran haɗi, sannan ya ɗora ribarsa. Dole nasa ya ɗara. Tun daga tsakiyar 2023 kuma, da aka cire tallafin fetur aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, sai wani abu ya ƙaru: farashi ya daina zama wuri ɗaya. Wanda aka faɗa maka ranar Litinin ba lallai ka tarar da shi ranar Alhamis ba. Mai zuwa Lafia in ya tarar an ƙara sai ya juyo gida ya sake shiri. Mai zuwa Kano ya riga ya ƙona kuɗin mota, dila kuma ya san haka tun daga jakar da ya gani a kafaɗarsa.

Fara daga garejin bakanike

Kafin ka tambayi kowane dila farashi, je ka zauna wajen bakaniken da zai riƙa taɓa maka keken, ko a Ashige yake, ko Assakio, ko Adogi, ko cikin Lafia. Ka saya masa ruwan sanyi, ka tambaye shi wane iri ne ya fi shigowa hannunsa, me ke yawan lalacewa a jikinsa, kuma in ya lalace a wane shago ake samun kayan. Amsarsa ce za ta zaɓa maka keke, keken kuma shi zai nuna maka dila. Mutane da yawa suna juya wannan tsari: su fara jin araha, su sayo, sannan su zo neman wanda ya san kan abin.

Ga inda gizo ke saƙar. Injin yawancin kekunan dako na Chana, ko mai 150 ne, ko 200, ko 250, an gina shi ne a kan tsarin injin Honda CG da ya fito tun 1975. Saboda haka fistin da ringi da fulogi da kafireto da farantin kuloci ba sa wuyar samu, sau da yawa na wannan kamfani yana hawa na wancan. Wannan ne ke sa dilan nesa ya ce maka da ƙarfin gwiwa, “Kayansa ko'ina akwai.” Bai yi ƙarya ba, amma injin yake nufi. Abin da hanyar gona ke kashewa ba injin ba ne. Akwatin giyar baya ne, da furofela, da haƙoran aksil, da sandunan da ke juya tayoyin baya, da boris, da sifirin. Waɗannan kuwa kowace masana'anta da nata awo. Sandar aksil ta fi taka tsawo da ɗan yatsa ɗaya, ko haƙoranta su ɗara da guda biyu, shi ke nan ba za ta shiga ba. Kekuna biyu za su iya zama launi ɗaya, suna kusan ɗaya, amma ƙarƙashinsu ba dangi ba ne, domin akwai masu shigo da kaya da ke yin odar keke su sa a manna masa sunan da suka ga dama.

Don haka idan wani iri ya yi araha sosai a Kano amma ba ka taɓa ganin ko guda ɗaya yana ɗaukar doya a wannan yanki ba, ka yi hattara. Zama na farko da ya kawo sabon samfuri gari abin alfahari ne na mako biyu. Bayan nan kai kaɗai ne za ka riƙa aika hoton ƙarfe ta WhatsApp zuwa Ƙofar Ruwa ko Nkwo Nnewi, kana jiran direba ya kawo, in ya zo kuma a tarar ba shi ba ne.

Tambayi bakaniken kuma batun mai lagireto da marar lagireto. Injin da ruwa ke sanyayawa ya fi jure doguwar tafiya da kaya mai nauyi a zafin Maris da Afrilu, amma yana da famfon ruwa da fanka da tiyo, kowanne abin lalacewa ne. Wanda iska ke sanyayawa ya fi sauƙin sha'ani. Ni dai, ga mai gajeren zango tsakanin gona da kasuwa, na fi karkata ga wanda bakaniken garinsu ya iya kwancewa ya mayar ba tare da ya kira kowa a waya ba.

Wa ya haɗa shi?

Keken dako ba ya zuwa daga Chana a tsaye. A wargaje yake zuwa, cikin akwatin ƙarfe da kwalaye, don kwantena ta ɗauki da yawa. Da irin wannan dabarar ta shigo da babura a kwance a haɗa su a gida Innocent Chukwuma, mai kamfanin Innoson na Nnewi, ya karya farashin babur a Najeriya tun kafin ya fara ƙera motoci. Ma'anar wannan gare ka ita ce, rabin ingancin kekenka a hannun yaran da suka haɗa shi a bayan shago yake. Su kuwa galibi a kan kowane keke ake biyan su, don haka sauri suke yi.

Je ka tsaya a kansu ka gani. Yaro ɗaya na riƙe da sifana mai lamba 14, wani na buga kusa da guduma don ramin bai daidaita ba, na uku na cusa wayoyi a ƙarƙashin kujera ba tare da ya ɗaure su ba. Ba mugunta ba ce, haka aikin yake idan mai kaya ba ya wurin. In kana tsaye, ko bakanikenka na tsaye, aikin yakan canza kama. Ka sa a buɗe notin aksil ka tsoma yatsa ka ji ko akwai man giya a ciki, domin ba abin mamaki ba ne a tarar da shi a bushe ko da ɗan kaɗan, kuma keken zai yi tafiya lafiya lau na kwanaki kafin haƙoran su cinye kansu. Haka za ka yi wa akwatin giyar baya. Ka duba manyan kusoshin da suka rungume sifirin da aksil, ka sa a ƙara ɗaure su a gabanka. Ka bi waldar bodi da ido, musamman inda ƙyauren baya da na gefe suke lanƙwasa, ka ƙwanƙwasa ƙarfen ƙasan bodin ka ji kaurinsa. Ka tsuguna a gaba ka hango ko tayar gaba tana tsakiyar na baya biyu daidai. Keken da aka haɗa a karkace zai riƙa ja gefe ɗaya yana cin taya har ƙarshen ransa. A ɗaga baya a juya kowace taya da hannu, a taka birki, ka ga ko duka biyun suna kamawa tare. Birkin da ke kama ɓangare ɗaya, a gangare, da ƙwaryar doya a baya, shi ne ke kifar da keke.

Sannan a tayar. Ka saurari injin yana sanyi, ka saurare shi bayan ya ɗauki zafi. Ka sa kowace giya, har da ta baya, da ƙaramar giyar hawan tudu idan yana da ita. Ka kunna fitilu da sigina da hon, ka bar shi minti goma a kan busasshiyar ƙasa ka duba ko ya ɗiga.

Duk wannan za ka iya yin sa a Kano kamar yadda za ka yi a Lafia. Bambancin shi ne lokaci. A Lafia in ka ga abin da bai yi maka ba, ka ce a gyara gobe ka dawo. A Kano motar da za ta ɗauki kayan tana lodi, direba na cewa ƙarfe huɗu zai tashi, kuɗin masauki na ƙaruwa, sai ka ji kanka kana cewa “ba komai, a gida a gyara”. Daga wannan kalmar asara ke farawa.

Lissafin da ba a yi a waya

Ɗauki takarda. A sama rubuta farashin Lafia, ƙarƙashinsa na nesa, ka fitar da bambancin. A ce, don misali kawai, ya kai naira 200,000. Kuɗi ne masu kauri, ba wanda zai raina su. To fara cirewa. Kuɗin mota zuwa da dawowa, na mutum biyu, domin zuwa ba bakanike ko wanda ya san keke ganganci ne, kuma shi ma sai ka biya shi wunin da ya rufe garejinsa. Kwana da abinci. La'adar dillalin da zai tare ka tun daga bakin kasuwa ya ce shagon yayansa ne. Ko ba ka ba shi a hannu ba, tana cikin farashin. Kuɗin haɗi, in ba a sa shi a ciki ba. Kuɗin lodi, da na 'yan kamasho a tasha, da kuɗin babbar motar da za ta ɗauko shi. Kano ta haura kilomita 400 daga Lafia, Nnewi ma haka, ta Makurdi da Enugu. Tun farkon 2025 kuma ana karɓar kuɗin hanya a kan tagwayen titin Keffi zuwa Akwanga zuwa Lafia zuwa Makurdi, direban kuwa ba daga aljihunsa zai biya ba. Motar ma a Lafia za ta sauke maka, ba a Ashige ba, ga kuɗin saukewa. In bodi ya lotse ko fitila ta fashe a hanya, dila zai ce lafiya ya ba da, direba zai ce haka ya karɓa.

Wani zai ce ai sai ya tuƙo abinsa ya huta da kuɗin mota. Kada ka yi. Sabon inji yana son a lallaɓa shi a kilomita ɗaruruwan farko: ba gudu mai yawa, ba riƙe totur wuri ɗaya na sa'o'i, a tsaya ya huce, a juye baƙin mai da wuri don fitar da ɓurɓushin ƙarfe. Tafiyar Kano zuwa Lafia a wuni ɗaya kishiyar wannan ce ta kowace fuska. Ƙara da cewa keken ba shi da lamba, kowane shinge sai ka yi bayani, ga tireloli da tankoki a titi, ga dare da ba a son ya riski mutum a wasu wuraren.

Abin da ya rage bayan wannan cire-ciren shi ne ainihin ribar tafiyarka. Yanzu auna shi da abu guda: kwana nawa na aiki a watan Disamba zai biya wannan kuɗin? A tsakiyar kaka, keken da ke yin sawu huɗu ko biyar a wuni, in ya kwanta mako biyu yana jiran sandar aksil daga Nnewi, ya cinye ribar tafiyar har ya taɓa uwar kuɗi. Manoman da suka saba kiranka kuma sun riga sun karɓi lambar wani.

Garanti da ranar komawa

A kan keken fasinja na manyan kamfanoni akwai garanti a rubuce. TVS, wanda rukunin Simba ke rarrabawa a Najeriya, da Bajaj, suna da diloli da wuraren gyara da suka amince da su, akwai kuma kati da sharuɗɗa, ciki har da kai keken sabis a kan lokaci. In irin wannan za ka saya, tambayar farko ita ce ko dilan yana cikin waɗanda kamfani ya sani, kuma ina ne wurin gyara mafi kusa da zai karɓi katin. A kan yawancin kekunan dako na Chana kuwa, garantin bakin dila ne. “In ya ba ka matsala ka dawo da shi.” Wannan magana tana da nauyi idan shagon yana inda za ka je ka dawo a wuni ɗaya. In yana bayan gadar Makurdi da tafiyar wuni guda, daɗin baki ce kawai, shi ma mai faɗin ya san ba za ka dawo ba.

Ba mu kaɗai ke fama da wannan ba. A Amurka akwai masu sayen ɗakin kwana mai taya, wanda ake ɗaurawa a bayan mota a ja shi zuwa yawon hutu. Mafi yawansu a yankin Elkhart na jihar Indiyana ake ƙera su, dilolin da ke kusa da masana'antun kuma sukan fi araha tunda ba su biya kuɗin jigila mai yawa ba. Mutum ya yi doguwar tafiya ya sayo, rufin ya fara yoyo, ya kai wa dilan garinsu da katin garanti a hannu, a ce masa ya bi layi, waɗanda suka saya a nan su ne a gaba. Ƙasar da ke da lauyoyi a kowace kusurwa ke nan. Dilan Lafia ma ɗan Adam ne: ranar da kayan gyara suka yi ƙaranci, wanda ya sayi keke a hannunsa zai fara ɗauko wa na ƙarƙashin kanta.

Haƙƙi dai kana da shi ko'ina ka saya. Dokar kare masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ba mai saye damar mayar da kayan da aka tarar da aibi a jikinsu, rubutun “ba a dawo da kaya” a ƙasan rasit kuma ba ya soke wannan. Wanda ya karanta babin ciniki a Risala ta Ibn Abi Zaid ya san fiƙihun Malikiyya ma ya ba mai saye zaɓi idan ya gano aibin da aka ɓoye masa. Amma karɓar haƙƙi yana son ƙafa da shaidu da wanda ake jin kunyarsa. A Lafia akwai shugabannin kasuwa, akwai ƙungiyar masu keke, akwai wani dattijo da ya san ka ya san dilan. Dilan kuma ya san in ya cuce ka, kafin kasuwa ta sake ci labari ya kai Assakio. A garin da ba a san ka ba, kai baƙo ne da ya zo sau ɗaya.

Inda nesa ta fi

Ba kullum gida ke yin nasara ba. Idan ku biyar ne ko goma, ko ƙungiyar manoma ce ko ta mata masu sarrafa rogo, kuka haɗa kuɗi, lissafin ya juye. Kuɗin tafiya ya rabu a kanku, za ku sami farashin sari, ku ɗauki mota guda ta kawo kayan a akwatunansu, bakanikenku ya haɗa su a gida a tsanake. Wannan ya fi haɗin kowace kasuwa. Ku sa a cikin cinikin a haɗo muku da sandunan aksil, da boris, da akwatin giyar baya ko da guda ɗaya, ku ajiye a matsayin na kowa. Tunda iri ɗaya kuka saya, kun zama kasuwa da kanku, mai shagon kayan gyara zai fara kawo naku.

Nesa ta fi kuma idan abin da kake nema babu shi a kusa, kamar mai dogon bodi ko mai juye kaya da kansa, ko kuma kana da ɗan'uwa na jini da ke zaune a kasuwar, wanda dilan ke ganin sa kullum. Wannan ɗan'uwan ya mayar maka da nesa kusa. Akwai kuma matsakaicin zango da ake mantawa da shi: Makurdi, ko Mararaba da Abuja. Ka tambayi farashinsu, domin nan ma za ka iya zuwa ka dawo ba tare da ka kwana biyu ba.

Abin da ba shi da wani lokacin da ya dace shi ne tura kuɗi don hoton da ka gani a Facebook. Masu cewa su jami'an kwastan ne suna gwanjon kekuna a rabin farashi, ka biya kuɗin fom ko na jigila, 'yan damfara ne. Hukumar kwastan ta sha fitowa tana gargaɗi a kansu. Ko dilan gaskiya ne, kada kafin alƙalami ya fita sai wani naka ya tsaya a gaban keken ya karanto maka lambar injin.

Yadda za ka yi da na gida

Amfanin farashin nesa mafi girma shi ne ka shiga da shi shagon Lafia. Ka kira wurare biyu ko uku a safiyar ranar, ka tabbatar iri ɗaya ne da girman inji ɗaya da tsawon bodi ɗaya, sannan ka zagaya shaguna aƙalla uku kafin ka zauna. Kada ka shiga da faɗa.

“Alhaji, na tambaya a Kano, ga abin da aka ce mini. Ni kuwa na fi son in saya a gida, inda zan riƙa zuwa muna gaisawa. Me za ka yi mini?”

Zai ce, “Malam, ai dala ce. Wallahi abin da nake samu a kai bai taka kara ya karya ba.” Wataƙila da gaskiyarsa. Kada ka nace sai ya sauko daidai da Kano, ba zai iya ba. Ka nemi ya raba bambancin, sauran kuma ka karɓe shi ta wata hanya: haɗi kyauta a gaban bakanikenka, sabis na farko da baƙin mai, batir mai kyau a maimakon wanda ya zo a kwali, tayar safaya, tamfol. Dila ya fi sauƙin ba da kaya a kan ya rage kuɗi, domin shi a farashin sari ya same su. Mafi muhimmanci, alƙawarin da ya yi da baki a rubuta shi a bayan rasit: wata nawa, waɗanne sassa, wa zai biya kuɗin aiki. Ya sa hannu, shaidarka ya sa. In ya ƙi rubutawa, to kusancinsa bai amfane ka da komai ba, tashi ka duba shago na gaba. Dilan kusa marar amana ya fi na nesa ciwo, tunda kullum sai ka wuce ta ƙofarsa.

Idan biya kaɗan-kaɗan za ka yi, wannan dama sai a gida, inda aka san ka aka san mai tsaya maka. Ka tara jimillar abin da za ka biya har ƙarshe ka gwada da farashin kuɗi hannu, ka kuma tambaya a fili: in na yi fashin mako biyu saboda rashin lafiya ko keken ya lalace, za a ƙwace ne, kuma abin da na riga na biya fa?

Takardu

Rasit ya zama mai ɗauke da sunan shago da adireshi da lambar waya, da sunanka kamar yadda yake a katin shaidarka. Lambar inji da lambar firam, kai da kanka za ka tsuguna ka karanta a jikin ƙarfe, harafi bayan harafi, ka gwada da abin da aka rubuta. Kuskuren lamba ɗaya ya isa ya sa a riƙe maka keke a shinge, gyara shi kuma sai an koma wurin wanda ya rubuta. Ka tuna da wannan idan wanda ya rubuta yana Nnewi. Ka nemi kwafin takardar shigo da kaya ta kwastan. Ka biya ta banki zuwa asusun da ke ɗauke da sunan shagon ko na mai shagon, ba na yaronsa ba.

Rajista ka yi ta a Lafia, a ofishin lasisin ababen hawa, ka sami lambarka mai LFA, don sabuntawa ta zo maka da sauƙi kowace shekara. Inshorar da doka ta wajabta, a jadawalin hukumar NAICOM da ya fara aiki a Janairun 2023, naira 5,000 ce a shekara ga keke mai ƙafa uku. Ka karɓa daga kamfanin inshora na gaskiya, domin ta bakin titi da yawa takarda ce kawai.

Keke na hannu kuwa, a nan ba ni da wata tantama: a saya kusa. Keken da ka san mai shi, ka san irin kayan da yake ɗora masa, ka san bakaniken da ke gyara shi, ya fi wanda aka wanke aka fesa wa fenti a wata jiha. Kekunan sata nesa ake kai su a sayar. A yi takardar ciniki a gaban mai unguwa ko shugaban ƙungiya, tsohon rasit ya biyo keken, mai sayarwa ya kawo shaidarsa.

Lokacin saye ma yana shiga lissafi. Kowa na zuwa shago ne bayan ya sayar da amfanin gona, lokacin da dila ba ya bukatar lallashin kowa. In kana da hali, ka saya kafin sabuwar doya ta fito, ka lallaɓa injin da ƙananan kaya na wasu makonni. Bayan mako na farko a hanyar burji ka mayar da shi a sake bin kusoshin sifirin da na tayoyi da na kujerar inji da sifana, a juye baƙin mai, a leƙa man aksil, a daidaita birki, kafin ka ɗora masa cikakken lodi na farko.